Muryar Jan Hannu

Mijina Madu wankin hula yake yi a unguwar Lamisula, a wata 'yar rumfa ƙarƙashin darbejiya. Idan aka tara mazan unguwar nan kaf aka ce a fitar da wanda zai tsorata mutum, shi ne na ƙarshe da za a waiwaya. Mutum ne da akuya za ta shigo gida tana cin dusar kajina, ya tsaya yana lallashinta ta fita. Na sha yi masa faɗa ina jira ya rama, ko don faɗan ya yi armashi, sai in ga ya miƙo mini ruwa a kofi wai maƙogwarona ya bushe. To wannan bawan Allah aka ce shi ne mugun fim.

Wanda ya jajibo shi Umar Faruk ne, ɗan gidan wasu Kanawa masu sayar da yadi. Ya gama jami'a, aiki bai samu ba, ya zauna yana zane-zane. Shi ransa na kan littattafan nan da ake ba da labari da hotuna gida-gida, maganar kowa a rubuce a saman kansa. Ya ce fim zai yi mai irin wannan tsari: idan aka mari mutum sai hoton ya tsaya cak ya koma zane, a rubuta TAS! da jan rubutu ƙato. Kuma wai ba mutumin kirki za a bi a labarin ba. Mugun ne jarumi, shi za a bi tun daga farko har ƙarshe. Sunansa Jan Hannu, yana sa jar safar hannu da baƙar riga har ƙasa, aikinsa ƙwace shagunan mutane ɗaya bayan ɗaya har ya mallake kasuwa.

Umar Faruk ya kai huluna wanki ne ya ga Madu yana bugun hular zanna a kan gungumen itace, fuskarsa ba yabo ba fallasa, yatsunsa dogaye. Shi ke nan ya maƙale masa. Ranar da Madu ya dawo ya gaya mini, dariya na yi har sai da na riƙe ciki.

"Kai? Baban Hanifa, kai ne za ka ƙwace shago? Ai kai za a ƙwace wa, ka bi mutum da makulli kana cewa ya manta."

Shi ma dariyar ya yi. Amma na lura idonsa na ƙyalli irin yadda ban saba gani ba, sai na ce to, ya je ya gwada, ai ba a hana mutum abin da ransa ke so. A zuciyata kuwa na ba su mako guda su dawo mini da shi.

Ba su dawo da shi ba. Wata ya wuce, wani ya shiga, sai na fara jin maganganu. Ni turaren wuta da humra nake haɗawa a gida, saboda haka bakin mata ba ya yankewa a tsakar gidana, kuma duk abin da aka yi a Lamisula da safe, kafin la'asar ya iso tabarmata. Wata ta ce ɗanta ya je kallon inda ake ɗaukar fim ya dawo ya kasa cin abinci. Wata ta ce mijinta ya daina tsokanar Madu a rumfa. Suwaiba maƙwabciyata, wadda ba ta iya ganin wuta ba ta ƙara mata itace ba, ta kalle ni ta ce, "Kaltum, ki dai yi hankali da masu shiru-shirun nan. Ruwa ba ya tsami banza."

Na ce mata ta kula da nata mijin da ake jin muryarsa tun daga bakin titi. Amma maganar ta zauna mini.

Akwai wata yarinya Gift, 'yar kudancin Borno, ita ke riƙe musu kyamara, kuma takan zo sayen humra a wurina. Rannan na tsare ta na ce ba turare ba canji sai ta nuna mini abin da suke ɗauka. Ta buɗe ɗan allon jikin kyamarar ta miƙo mini. Na ga wani mutum cikin baƙar riga yana shiga shagon tela. Tafiyar a hankali, ba gaggawa, kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Ya ja kujera ya zauna, yana murmushi, bakinsa na motsi. Shi kuwa telan, wanda na san shi sarai, ƙato ne mai yawan barkwanci, sai ga shi yana ja da baya har ya jingina da bango.

Sai da na kalla sau biyu kafin na yarda Madu ne. Hancinsa ne, kunnuwansa ne, har tabon da ke haɓarsa. Amma murmushin ban taɓa ganinsa ba.

"Me yake ce masa? Ƙara sautin."

"Anti, babu sauti a nan. Daban ake ɗauka, yana wurin Umar Faruk." Ta karɓi kyamararta tana girgiza kai. "Ai muryar ce abin. Shi Umar Faruk mugu mai ihu ya zana, mai fasa kaya. Ya Madu ya zo bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Wallahi ni da nake bayan kyamara sai in ji tsigar jikina na tashi."

"To wa ya rubuta masa maganar?"

"Ba a rubuta mana magana. Umar Faruk zai ce, ga abin da zai faru, kai za ka shiga ka kori wannan daga shagonsa. Sauran kowa da bakinsa yake yi."

Wannan ita ce maganar da ta hana ni sakat. Da a ce wani ne ya rubuta, ai sai in ce haddacewa ya yi. Amma da bakinsa? Daga ina ya samo? Mutum ba ya ɗebo ruwa a rijiyar da babu shi. Abu ɗaya nake so in sani, kuma na ƙudurta sai na sani: wannan muguntar tasa ce da ya daɗe yana ɓoye mini, ko aro ya yi? Don idan tasa ce, to shekarun nan duka da baƙo nake zaune, kuma shi na haifa wa 'ya.

Na fara sa masa ido kamar 'yar sanda. Na kalli yadda yake yanka kaza. Na kalli yadda yake riƙe hannun Hanifa idan zai kai ta makaranta. Na sa gishiri ya yi yawa a miya da gangan, ya cinye tas ya ce sannu da aiki. Haushi ya ƙara kama ni. Da na gaji da leƙe sai na fito fili.

"Baban Hanifa, yi mini muryar Jan Hannu."

"A'a."

"Ko kalma ɗaya."

"Bar ta can inda take, Kaltum."

"Duk Lamisula sun ji, ni matarka ce ba zan ji ba? To daga ina ka koyo ta?"

Ya ɗauki butarsa ya ce lokacin salla ya yi, alhali ko kiran farko ba a yi ba.

Ana cikin haka sai maganar shago ta taso. Saura fitowa ɗaya babba a gama fim ɗin, inda Jan Hannu zai je wa wani dattijo mai shagon hatsi, wanda shi kaɗai ya rage bai miƙa wuya ba, ya kore shi daga gari, ya cire masa hula a gaban jama'a. Wani tsohon malamin makaranta, Malam Manasse, shi ne zai fito a dattijon, sai ya tafi Biu bikin 'yarsa, ciwon ƙafa ya riƙe shi a can. Shagon hatsin da suka ga ya dace kuwa yana unguwar Mafoni, kuma na mahaifina ne, Alhaji Ba'ana.

Baba ya tsufa. Tun rasuwar Mama ya yi laushi, ya bar wa yaran shago ciniki, shi dai ya zauna a kan buzunsa a bakin ƙofa yana raba wa jikoki dabino yana tsokanar masu wucewa. Hanifa ce ta koya masa kallon fim a waya, ya zo ya fi ta so. Da Umar Faruk ya je roƙon aron shago, Baba ya tambaye shi labarin tun daga tushe, ya ji wane ne mugun, sai ya ce ya ba da shago, amma da sharaɗi: shi zai fito a mai shagon.

Umar Faruk ya dawo yana murna, wai ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Shi yaro ne ɗan boko, a ganinsa wasa ne, ana gamawa kowa ya kama gabansa. Bai san abin da ya ɗauko ba.

Tun da aka ɗaura mana aure Madu bai taɓa kallon fuskar Baba ba. Bai taɓa cin abinci ko shan ruwa a gabansa ba. Idan ya hango shi a titi sai ya saki hanya ya bi lungu, ko da lungun zai kai shi bayan gari. Ranar Juma'a yakan je gaisuwa, ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna a bakin zaure kansa a ƙasa, Baba na magana shi yana "To, Baba. To, Baba," har a sallame shi. Haka aka san suruki na gari a wurinmu, kuma Baba na alfahari da shi a kan haka. Yanzu wannan mutumin ne za a ce ya tsaya a kan Baba, ya zuba masa ido, ya sa hannu ya cire masa hula.

Madu ya ce atafau. Ya ce a nemo wani dattijon, ko a nemo wani Jan Hannun. Umar Faruk ya zo har gida kamar zai yi kuka, ya ce an riga an ɗauki kusan komai, in aka canza mugu fim ya mutu. Ban taɓa ganin Madu ya kafe a kan abu haka ba, ni kuwa na ɗauka kunya ce kawai. Na je Mafoni da kaina in ba Baba baki.

Na same shi yana ɓare gyaɗa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Kaltum, shekara nawa yaron nan yana zuwa gidana? Ƙeyarsa kaɗai na sani. In na haɗu da shi a Makka ba zan gane shi ba sai ya sunkuya. Yanzu an ce mini yana da ido, yana da murya, har ƙarti na gudunsa. Ni ma ina so in gani kafin in mutu."

"Baba, ba zai iya ba. Kunya yake ji."

"To ki gaya masa ni na ce ya yi. Ba roƙo ba ne."

Na kawo saƙo kamar yadda aka ba ni. Madu ya shiga tsaka mai wuya. Gaba kura baya sayaki: kunya ta hana shi yi, biyayya ta hana shi ƙi. Can ya ce, "Ke ma za ki je?"

"Ko da rarrafe."

"Da kin zauna a gida."

Ai kuwa kamar ya ce mini in riga kowa zuwa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji da Baba ya matsa, don ni ma ta nan zan ji abin da aka hana ni ji.

Ranar da za a ɗauka, da hantsi, na yafa lafayata na tari keke zuwa Mafoni. Na tarar layin ya cika. Masu dako sun ajiye kurarsu, masu shaguna sun fito, mata na leƙe ta kan katanga. An jera buhunan gero da wake a bakin shagon, Baba na zaune a tsakiya a kan buzunsa, ya sha farar babbar riga da hularsa ta Bama wadda ba ya sa ta sai Idi. Sai washe baki yake yi yana ɗaga wa mutane hannu. Umar Faruk ya tsuguna ya yi masa bayani: shi dattijo ne da ya zo daga ƙauye tun yana saurayi ya kafa shago, yau Jan Hannu zai zo ya ce ya tattara ya koma inda ya fito. Ya ce Baba ya amsa duk yadda ya ga dama.

Gift ta hango ni ta yafito ni kusa da ita. Ta ce muryar ba ta kai wa taro, sai ta sa aka ba ni iyafis ɗin da ke haɗe da makirfo na saƙala a kunne. Nan da nan na ji komai ya matso, har numfashin Baba da ƙarar carbinsa.

"Akshin!"

Madu ya fito daga lungu cikin baƙar rigarsa da jar safa, yana tafiyar nan tasa. Mutane suka yi tsit. Ya iso bakin shago, sai kawai muka ga ya tuɓe takalmi ya zube ƙasa.

"Baba, ina kwana."

Layin gaba ɗaya ya fashe da dariya. Umar Faruk ya dafe kai. Aka sake. A karo na biyu ya bar takalmin a ƙafa, amma buhun wake ya yi wa magana, shi ma a ciki-ciki. A na uku ya kai hannu wajen hular, hannun ya tsaya a iska, ya mayar da shi aljihu. Rana ta fara zafi, Gift na share gumi, mai riƙe da sandar makirfo ya ce kafaɗarsa ta gaji.

Baba ya gyara zama. "Wannan ne mugun da ake ta ba ni labari? Ai Hanifa ta fi shi ban tsoro in aka hana ta alewa." Aka sake yin dariya. Sannan ya rage murya, amma ni ina ji a kunnena. "Madu. Ɗago kanka. Yadda kake yi wa sauran haka za ka yi mini, kada ka rage komai. Na yafe tun kafin ka yi."

Madu ya ja da baya. Ya waiwayo ya neme ni a cikin mutane har ya same ni, ya kalle ni kallon da ban gane ba a lokacin. Sannan ya koma lungu.

"Akshin!"

Wannan karon da ya iso bai tsuguna ba. Ya jawo wani benci ya zauna daf da Baba, gwiwa na kusan taɓa gwiwa, ya ɗago kai ya zuba masa ido yana murmushi, ya fara da sannu irin ta yarenmu.

"Wushe, Alhaji. Wushe, wushe. Ina kwana? Ina gajiya? A'a, yi zamanka, kada ka tashi saboda ni. Ai ka gaji." Ya ja wani ɗan numfashi ta hanci. "Kullum kai a gajiye kake, bawan Allah."

"Kalewa," in ji Baba, yana ƙunshe dariya. "Lafiya lau."

Muryar taushi gare ta, a hankali, kamar mai lallashin yaro. Na ji wani abu ya taɓa ni a ciki, ban san mene ne ba. Madu ya sa jar safarsa cikin buhun gero ya ɗebo, ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Wannan kai ka zaɓo shi? Da idonka? Madalla. Sannu da ƙoƙari. Ai iyakar iyawarka ke nan, ba a ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa." Ya kaɗe hannu. "Yaya mutanen Konduga?"

Ƙarar carbin ta tsaya.

"Ka kwana biyu ba ka leƙa su ba, ko? Ai suna kewarka. Na ji ɗakin da ka baro yana nan, ba a ba kowa ba. Mota kuwa kullum da safe tana tashi. Ni zan biya, kada wannan ya dame ka."

Babu wanda ya ce masa Konduga. Umar Faruk ƙauye kawai ya ce. Mamata ce 'yar Konduga.

Sai ga ni ina yarinya a tsakar gidanmu, Mama na durƙushe a gefen tiren burabusko, Baba ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali. Ba ya zagi, ba ya duka, maƙwabta har yabonsa suke yi wai ba a taɓa jin hayaniya a gidan Alhaji Ba'ana ba. Gaishe ta yake yi. Ya tambaye ta gajiya, ya yi mata sannu da ƙoƙari, ya ja numfashin nan ta hanci ya ce baiwar Allah, sannan ya tambayi mutanen Konduga da ɗakin da ta baro. Ita kuma ta ce suna lafiya, ta tashi ta shiga madafa ta kama wanke tukwanen da ta riga ta wanke. Na girma ina gaya wa kaina gaisuwa ce, ko da yake duk ranar da aka yi ta ba na iya cin abinci. Na yi aure na bar gidan, ita ta ci gaba da zama a ciki har ta koma ga Allah. Kuma duk Juma'a Madu na tsugune a zaure yana jira a fito, labule kaɗai tsakaninsa da tsakar gida, kansa a ƙasa, babu abin da zai yi sai saurare. Fuskar Baba ce bai sani ba. Muryar kuwa ya san ta fiye da mu da aka haifa a gidan.

Na so in cire iyafis ɗin, hannuna ya ƙi. Fara'ar Baba ta ɗauke. Madu ya miƙe, ya sa yatsu biyu ya ɗage hular daga kan Baba a hankali, ya juya ta ya duba cikinta.

"Bari in riƙe maka. Hanya akwai ƙura."

"Kot!" Umar Faruk ya daka tsalle. "Kot! Wallahi an gama! Baba, ka ga yadda ka yi da fuska? Kai, ashe ɗan wasa ne kai!"

Mutane suka ɗauki tafi da sowa. Madu kuwa ya fizge safar ya yar, ya zube a gaban Baba, goshinsa kusan a ƙasa, hular na hannunsa biyu yana miƙawa sama. Har yanzu makirfon na kansu, ni kaɗai da mai sandar muke ji.

"Baba, ka yafe mini. Na ce a bar ni. Wata muryar ba ta zuwa mini sai ita."

Amsar da na yi wata da watanni ina nema ke nan, na same ta. Aro ya yi, kuma yana ƙin abin da ya aro kamar yadda nake ƙinsa. Na zaci ranar da na san haka zan yi guɗa. Ban yi ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na yi ta tura shi.

Umar Faruk ya matso yana cewa a ƙara ɗauka sau ɗaya daga gefen hagu. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ya isa."

Ya dafa buhu ya miƙe. Bai karɓi hular ba, ban ma san ko ya gan ta ba. Ya sa takalminsa ya ratsa mutane ya kama hanyar gida, kansa a buɗe, furfura da sanƙo a fili cikin rana. Tafin ya mutu da kansa. Dattawan layin suka kawar da kai, don babu wanda ya taɓa ganin kan Alhaji Ba'ana a waje.

Na tsaya tsakanin mai tafiya da mai tsugune, na rasa inda zan nufa. Madu bai ɗago ba, amma ya san ina wurin.

"Bi shi, Kaltum."

Na bi shi. Ban jera da shi ba, ina baya kaɗan kamar yadda na saba. Muka wuce mai shayi, muka wuce masallaci, keke na ta yi mana hon yana kauce mana. Wani ya gaishe shi bai amsa ba. Sai da muka shiga lungun gidanmu, inda babu kowa sai inuwar katanga, ya rage tafiya. Bai juyo ba.

"Kaltum."

"Na'am, Baba."

"Haka nake yi mata?"

Da zan iya, da na ce fim ne kawai, Madu ne ya ƙara gishiri. Tsoho ne, kuma ina sonsa. Amma ba tsokana a muryarsa, tambaya yake yi tsakani da Allah, kuma duk duniya ba wanda ya rage da zai ba shi amsa sai ni.

Na ce, "Shi ya fi ka sauri, Baba. Kai kana jira sai ta amsa."

Ya gyaɗa kai. Ya tsaya a ƙofar gida yana lalubar makulli a aljihun babbar rigarsa, ya daɗe bai same shi ba, ni kuma na tsaya ina jira.